Asibitin haƙorin da ke gyara wa Abba muƙamuƙi: likitar ta iya aiki, amma ku shirya wa resepshin da lissafinsu

Salam jama'a. Masu tambayata wai ina muke kai ɗana Abba gyaran haƙora da kuma ko abin yana aiki, ga amsa nan gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. Asibitin haƙori ne mai zaman kansa a nan Kano, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganar. In taurari za a bayar ni 4 zan ba su cikin 5, kuma gaskiya duka huɗun na likitar ne, wanda na cire ɗin na masu zama a gaban tebur ne da masu rubuta kuɗi.

Ga wanda bai sani ba, an haifi Abba da tsagewar leɓe ta gefen hagu, tsagar ta bi ta dasashi har ta kai ganɗa wato rufin baki. An ɗinke leɓen yana ɗan wata huɗu da wani abu, ganɗar kuma bayan ya shekara, duka a asibitin koyarwa kuma ko sisi ba mu biya ba saboda Smile Train, ƙungiyar nan ta Amurka da aka kafa a 1999, ita ke ɗaukar nauyin irin wannan aikin a asibitoci da dama a Najeriya. Allah ya saka musu. Amma abin da yawancin iyaye ba sa ji a lokacin shi ne ɗinkin nan farkon tafiya ne kawai. Wani yaron na kai shekara bakwai zuwa takwas sai ka ga fuskar ta fara canjawa, tsakiyarta kamar ta shige ciki, haɓa ta yo gaba, in ya haɗa baki haƙoran ƙasa ne a gaban na sama maimakon na sama su rufe na ƙasa. Haka Abba ya zama, cizon nama ko rake ya gagara sai dai ya kai gefe, 'yan ajinsu kuma kun san yara da baki.

Ranar farko likitar ba ta taɓa ƙarfe ba sam. Hotuna aka yi, eksire iri biyu, ɗaya mai nuna duk haƙora a jere har waɗanda ba su fito ba suna kwance cikin ƙashi, ɗayan na gefen kai ne wanda suke ja wa layuka suna auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suka zauna. Aka cusa mai wani abu mai danƙo a baki aka ɗauki siffar haƙoran, ya yi ta yunƙurin amai yana hararata kamar ni na sa. Sannan ta juyo da kwamfutar ta fuskance ni ta ce Maman Abba zo ki gani da idonki. Ta nuna min cewa muƙamuƙin ƙasa lafiyarsa lau, bai yi tsawo ba kamar yadda muke zato, na saman ne ya ƙi girma, ya tsuke kuma ya tsaya a baya, kuma tabon ɗinkin ganɗa na daga cikin abin da ke riƙe shi don tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. Ta ce a wajensu wannan zaman haƙoran shi ne aji na uku, rabon da wani likita Ba'amurke Edward Angle ya yi tun 1899 kuma har yau da shi suke magana. Ta kuma nuna min gurbin da babu ƙashi a dasashin, da haƙori ɗaya na kusa da na gaba wanda babu shi kwata-kwata a gefen tsagar, ta ce ana yawan samun haka a yara irinsa.

Abin da ya sa na yarda da ita a ranar shi ne maganar da ta faɗa wadda ba ta taimaki aljihunsu ba. Ta ce ƙarfen da ake liƙa wa haƙora, bireses ɗin da kowa ya sani, haƙori yake turawa, ba ya ƙara wa ƙashi tsawo, don haka duk wanda ya ce zai gyara wa Abba fuska da shi kaɗai kuɗina yake so. Wlh kafin nan akwai inda muka je aka ce mu biya a sa mai a ranar. Ita tsarinta mataki-mataki ne: a fara buɗa muƙamuƙin sama, a cike gurbin dasashi da ƙashi, a ja muƙamuƙin gaba tun ƙashin yana da taushi, sai haƙoran girma sun gama fitowa wajen shekara 12 zuwa 13 a sa bireses na gaske, kuma duk da haka ta ce in sa a raina yana iya buƙatar tiyatar muƙamuƙi in ya gama girma, wanda ga namiji sai wajen shekara 18 ko sama. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma tsoratar da ni ba.

Ƙarfen buɗawar shi ne ya fi ba ni aiki ni uwa. Abu ne da ake ɗaure wa haƙoran tauna na ciki ya ratsa rufin baki, a tsakiyarsa akwai wani ɗan sukuru mai rami, sai a ba ki ɗan makulli siriri kamar allura. Da daddare bayan isha'i zan kwantar da shi a cinyata, babansa ya haska fitilar waya, in lalubi ramin in zura makullin in tura shi baya har sai wani ramin ya bayyana, shi ke nan juyi ɗaya, kwatan milimita ne kacal. Shi kuma ya ce yana jin wani abu na matsa mai ƙasan hanci, hawaye ya ɗan taru, bayan minti kaɗan ya wuce. Likitar da kanta ta sa na yi a gabanta har hannuna ya daina rawa, ta kuma ɗaura wa makullin zare ta ce in naɗe a yatsa kar ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro. Irin wannan ƙaramin abin ne ke nuna maka wanda ya san aikinsa. Satin farko miyau kamar me, magana ta ƙara dagulewa, tuwo da burodi suna maƙalewa a saman ƙarfen sai da sirinji da ruwan ɗumi muke wankewa.

Cike dasashin ba su ke yi ba, tiyata ce, asibitin koyarwa muka koma. Ana ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugun yaron a zuba a gurbin, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne, tsakanin shekara 8 zuwa 11 kafin fiƙa ta fito, don fiƙar ta samu ƙashin da za ta bi ta sauko. A nan zan yaba mata kuma, ta rubuta wasiƙa mai kyau zuwa ga likitan tiyatar, ta haɗa da hotuna, har ta kira shi a gabana suka daidaita wata. Amma fa ku sani a ƙasashen da abin ya zauna duk a rufi ɗaya ake samun likitan tiyata da na haƙora da mai koyar da magana da na kunne, mu nan uwa ce ke yawo da fayil a jaka daga wannan unguwa zuwa waccan, kuma wannan ba laifin asibitin nan ba ne.

Sai abin da ake ɗaura mai a fuska, wanda shi ne waɗanda suka ga hotonsa suke ta tambaya. Ƙarfe ne a tsaye da matashi biyu, ɗaya a goshi ɗaya a haɓa, sai a saƙala robobi daga ƙugiyoyin da ke cikin baki zuwa jikinsa suna jan muƙamuƙin sama gaba a hankali. Awa 12 zuwa 14 ake so a rana, wato daga dawowa islamiyya har safiya, ba ya zuwa makaranta da shi. Na tambaye ta kai tsaye na ce likita wannan wahalar tana da amfani kuwa, sai ta ce akwai binciken da aka yi a Ingila a kan yara 'yan ƙasa da shekara 10 masu irin wannan zaman muƙamuƙi, aka raba su biyu wasu aka sa musu wasu aka bar su, aka bi su shekara shida, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka sa ne aka ga suna buƙatar tiyata daga baya, waɗanda ba su sa ba kuwa kashi 66. Amma nan take ta ƙara da cewa yaran can ba masu tsagewar leɓe ba ne, na Abba akwai tabo a ciki, don haka kar in ɗauki lissafin in ɗora mai kai tsaye. Ni wannan ƙarin shi ya fi burge ni fiye da lissafin. A lokacin zafin Kano kuwa abin ba sauƙi, gumi ya taru a ƙarƙashin matashin haɓa har ya yi ƙuraje, sai da muka dinga sa tsumma mai laushi. Sakamako dai akwai shi, yanzu haƙoran sama sun dawo gaban na ƙasa da ɗan kaɗan, in ka kalle shi ta gefe leɓen sama ya ciko, yana gatsar tsire da haƙoran gaba. Ko zai tsaya haka in balaga ta zo muƙamuƙin ƙasa ya yi nasa girman, wannan ita ma cewa ta yi sai mun gani.

To bari in zo kan maganar gado don nan ne na ce kuɗin ganin likita ya halatta. Ni da baban Abba auren zumunci ne, 'ya'yan wa da ƙani, kuma tun haihuwarsa ake ƙananan maganganu, wasu su ce na fita da almuru da ciki, wasu su ce ai daga ɓangaren uwata ne, wasu su ce zumuncin ne ya jawo. Rannan Hajiya kakarsa ta rako mu, sai ta ce wa likitar 'yar nan ni dai ki faɗa min gaskiya, daga ina abin nan ya fito. Likitar ta ajiye biro ta ce Mama bari in duba wani abu tukun. Ta sa safar hannu ta kama leɓen Abba na ƙasa ta juyo shi tana dubawa da fitila, ta duba nawa, ta ce in babansa ya zo shi ma za ta duba. Wai wasu 'yan ramuka take nema guda biyu a leɓen ƙasa, in akwai su alama ce ta wani nau'i da ake kira Van der Woude, wanda ƙwayar gado guda ɗaya ce ke kawo shi, galibi mai suna IRF6, an gano alaƙarsu a 2002, kuma shi wannan in uwa ko uba na ɗauke da shi kowane ciki rabi da rabi ne ɗan zai gada. Amma nau'in kaɗan ne, wajen kashi 2 cikin ɗari na masu tsagar. Mu ba mu da ramukan.

Ta ce mafi yawa, kusan kashi 70 cikin ɗari na masu tsagewar leɓe, ba ƙwaya ɗaya ba ce kuma ba ta zuwa da wata lalurar, ƙwayoyin gado ne da yawa ƙanana daga uwa da uba duka suke haɗuwa da wasu abubuwan na lokacin ciki. Leɓe yana haɗewa ne tsakanin sati na 4 zuwa na 7, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, ganɗa kuma zuwa wajen sati na 12 ta gama rufewa, don haka duk abin da aka ce na yi da tsohon ciki bai da alaƙa, aikin ya riga ya wuce. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin su ne shan taba, ciwon suga da mace ke da shi tun kafin ciki, da wasu magungunan farfaɗiya, shi ya sa mai shan su ya kamata ta ga likita kafin ta ɗauki ciki ba ta daina da kanta ba. Ta ce a duniya ana ƙiyasta ɗa 1 cikin haihuwa 700, ya fi yawa a Asiya ya fi ƙaranci a baƙar fata, tsagewar leɓe ta fi kama maza, kuma ta fi zuwa a hagu, kun ga Abba ya cika duka biyun. Game da ƙannensa kuma ta ce in an samu ɗa ɗaya irin nasa haɗarin maimaituwa wajen kashi 2 zuwa 5 ne cikin ɗari, wato mafi rinjaye lafiya za a haifa, ta ce in fara shan folik asid tun kafin wani cikin ba sai na fara awo ba.

Auren zumuncin fa, Hajiya ta sake tambaya, don shi ne ke cinta tunda ita ta haɗa. Likitar ba ta yi mata daɗin baki ba, ta ce yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan gado su bayyana wannan gaskiya ne, amma ba wanda zai iya nuna Abba ya ce zumunci ne ya tsaga mai leɓe, ana haifar irinsa a gidajen da uwa da uba ba su haɗa komai ba. Har ta ba mu labarin gidan sarautar Habsburg na Turai da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auren junansu har doguwar haɓa ta zama tambarinsu, na ƙarshensu a Sifen Charles na biyu ya mutu a 1700 ba magaji, kuma wani bincike na 2019 da ya bi zanen fuskokinsu ya ga iya kusancin iyaye iya tsawon haɓar. Ta ce amma wancan muƙamuƙin ƙasa ne kuma auren dangi ne a kan auren dangi ƙarni bayan ƙarni, ba irin na Abba ba ne. Hajiya dai ta yi shiru a mota har gida, tun ranar ban ƙara jin maganar almuru ba.

Wani abin da ta faɗa da ya tsaya min shi ne yawancin binciken ƙwayoyin gadon nan a kan Turawa da 'yan Asiya aka yi, namu sai kwanan nan. Akwai wani ɗan Najeriya Farfesa Azeez Butali a Jami'ar Iowa ta Amurka, likitan haƙori ne da ya yi karatu a Legas, shi da abokan aikinsa suka tattara samfur daga iyalai a Najeriya da Ghana da Habasha, a 2019 suka fitar da sakamakon da ya nuna wasu sabbin wurare a ƙwayoyin gado masu alaƙa da tsagewar ganɗa a 'yan Afirka. Ta ce har yanzu dai babu wani gwajin jini da za a yi wa irinmu a ce mana cikin gaba zai zo da tsaga ko ba zai zo ba, duk wanda ya ce in biya ya yi min in riƙe kuɗina.

Yanzu ƙorafi. Resepshin ɗinsu sai haƙuri. Za a ba ki ƙarfe goma, ki ɗauko yaro daga makaranta, ki zo ki zauna har azahar ba wanda zai ce miki ga dalili, kuma yarinyar da ke wajen idonta na kan waya kina magana tana ɗaga miki hannu. Akwai ranar da muka zo ashe likitar ta yi tafiya tun jiya, suna da lambata, saƙo ɗaya ya gagara. Ita likitar haƙoran ba kullum take zama ba, ranaku ne da ita a sati, kuma masu wannan fannin ƙalilan ne a ƙasar nan balle a Arewa, don haka layinta kullum a cike, na gane wannan, amma sanar da mutum ai ba ya buƙatar digiri.

Na biyu lissafi. Kuɗin da aka faɗa mana da farko dubu ɗaruruwa ne kuma an yarda mu biya kashi-kashi, mun gode, sai dai ba a ce mana eksire daban ba ne, wankin haƙori daban, in ƙugiya ta karye ko zoben da ke jikin haƙori ya kwance gyara daban, har robobin nan ƙanana sai da aka fara sa musu kuɗi daga baya wai dala ta tashi. Na yarda kayan daga waje ake kawowa kuma kowa ya san yadda naira ta yi, amma a rubuta min a takarda tun farko in san abin da na shiga. Da na yi wa likitar magana ta sa aka buga mana cikakken lissafi da abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, to me ya hana a yi wa kowa haka ba sai ya yi faɗa ba. In za ku je ku nemi wannan takardar kafin ku yi taransifa ko ɗaya, kuma ku karɓi rasit duk biya.

Tsafta kam ba laifi, a gabanki ake yage ledar kayan aiki, ana canja safar hannu, in an ɗauke wuta janareto na tashi nan da nan. Nas ɗin da ke taimaka mata tana da kirki da yara, ita ta koya wa Abba yadda zai saƙala robobin da kansa a gaban madubi, tana ce mai yallaɓai. Wajen ajiye mota ƙarami ne, kuma bene ne ba lifta, Hajiya da gwiwarta sai da muka tsaya hutu a tsakiya.

Ɗan gefe kaɗan, don Allah 'yan mata masu zuwa shago ko wajen masu talla a Instagram ana liƙa muku ƙarfen ado a haƙora ku bari. Na ga yadda juyi ɗaya na kwatan milimita ke motsa ƙashin yaro, wayar da wanda bai karanta ba ya ɗaure miki ita ma turawa take, sai dai ba wanda ya san inda take kai haƙorin.

Wanda ɗansa ke da tsaga ko kuka ga haƙoran ƙasa sun sha gaban na sama, kar ku jira wai sai ya gama famfara, ku kai shi a duba tun yana shekara 7, don abin fuskar nan kafin shekara 10 ya fi kamawa kuma cike dasashi in fiƙa ta riga ta fito an yi latti da mafi kyawun lokacinsa. Babba mai irin wannan muƙamuƙin shi ma za su gan shi, amma ya tafi da sanin cewa in ƙashin ne matsalar maganar tiyata za a yi mai, bireses kafin aiki da bayan aiki, ba a nan ake yin tiyatar ba tura shi za su yi. Ku tafi da duk takardun ɗinkin da aka yi wa yaro tun yana jariri don za ta tambaya wane wata aka yi kowanne, ku nemi layin farko na safe ranar da ba makaranta, kuma ku kira kafin ku fito ku tabbatar likitar na nan.